Gurbin Ranar Dawowa

Yau ba ni da doguwar gaisuwa, ku yi haƙuri. Masu turo min saƙo kullum kuna cewa "Chizuru ki ƙara haƙuri, wanda ya ce zai dawo zai dawo," ku matso kusa, da ku nake. Ni ma abin da na riƙa lallashin kaina da shi ke nan har wata takwas, ga shi yanzu ina rubutun nan cike da haushi.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Chizuru Shiozawa, shekarata talatin da ɗaya, ni kaɗai iyayena suka haifa. Muna da gonar tuffa a gindin dutse a Nagano, itace ɗari huɗu da 'yan kai, tun daga kakan Baba. Gidan da babu ɗa namiji an san yadda ake yi, mijin 'yar ne zai shigo, ya ajiye sunan gidansu ya ɗauki namu, gona ta ci gaba da amsa Shiozawa. Ni kuwa zuciyata ta tsallake duk samarin garinmu ta je ta ɗauko Tulga, ɗan Mongoliya, wanda ya shekara bakwai yana tuƙa injin ɗaga kaya a kamfanin da muke kai wa tuffa. A watan biyu ya ajiye aiki ya tafi gida, wai mahaifiyarsa ba lafiya, wai wata uku kacal zai yi ya dawo mu yi takardun aure. Yanzu muna watan goma.

Kafin ya tafi ya zo gidanmu cikin baƙar kwat ɗin aro, ya durƙusa a kan tabarma gaban Baba, goshinsa har ƙasa, ya ce zai ɗauki sunanmu, zai riƙe gonar. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai da ya tafi ya dube ni ya ce, "Ranar da muka tsinke tuffa ta ƙarshe ta bana, in ba ya tsaye a gonar nan, ki ba Gwaggonki amsar da take so." Saura sati shida a tsinke ta ƙarshe.

Amsar da Gwaggo Fumie take so kuwa sunansa Noboru Kitahara, ɗa na biyu a gidan masu sayar da gas da kananzir. Shekararsa talatin da tara, ba shi da wani aibu sai dai in ya zauna da ke zai yi minti arba'in yana miki bayanin bambancin tukunyar gas ta da da ta yanzu.

Yau da safe ƙarfe bakwai ba ta cika ba muka ji ƙarar motarta a tsakar gida. Muna kan karin kumallo, shinkafa da miyar waken miso da gasasshen kifi, Mama ta miƙe da sauri ta ɗauko matashin zama mai kyau wanda ba a taɓa shi sai da baƙo. Gwaggo ta shigo cikin rigar sanyinta mai ruwan ƙasa, gashin nan an rina shi ya yi shuɗi-shuɗi, hannunta da kwalin alewar gyaɗar dutse an naɗe shi da ƙyalle. Ta fara zuwa gaban hoton Kaka ta kunna turare, ta buga 'yar ƙararrawa, sannan ta juyo kaina.

"Daga gidan Kitahara," ta ce tana tura min kwalin. "Uwarsa ce ta ce a kawo wa amarya. Na ce mata a'a, tukuna, amaryar tana jiran mai doki."

"Ina kwana, Gwaggo."

"Lafiya lau nake, ke ce abin tambaya. Dubi wuyanki, duk ƙashi. Haruko, ba kya ba yarinyar nan abinci ne?"

Mama ta yi murmushin da take yi in ta rasa abin cewa, ta zuba mata shayi. Baba bai ɗago daga kwanonsa ba.

"Ni fa ban ƙi baƙo ba," Gwaggo ta ci gaba. "Yaron yana da ƙarfi, na gani, yana da ladabi. Amma wata uku ya ce. Ni dai makarantar da na yi, uku ba ta zama takwas. Ko can ƙasarsu watan nasu ya fi namu tsawo?"

"Mahaifiyarsa ba ta da lafiya."

"Tun watan biyu? Matar nan ta iya jinya. Ke Chizuru, Noboru ba zai zauna yana jiranki har ya fara furfura a kunne ba. Akwai wata malamar asibiti da ake masa maganarta, shekararta ashirin da shida. Ashirin da shida, kin ji?"

"To a ba shi ita mana, Gwaggo. Sai ta koyi gas."

Mama ta tsunkule ni ta ƙarƙashin tebur. Ni kuwa raina ya riga ya ɓaci, na miƙe na haura ɗakina na ɗauko ambulan ɗin da ya iso jiya daga Ulanbato, babban birnin ƙasarsu Tulga, mai tambarin dawakai a jikin kan sarki. Ku dubi wautata, yadda na sauko da shi ina taku ɗai-ɗai kamar wadda ta ɗauko takardar aure. Na ajiye shi kusa da kwalin alewar.

"Wannan takardun kuɗinsa ne," na ce. "An yanke masa haraji fiye da ƙima, za a mayar masa. Doka ta ce wanda ba ya ƙasar sai ya naɗa wakili a nan, kuɗin ma a asusun wakilin za su faɗa. Duk abokansa da ke kamfani, duk 'yan ƙasarsu da ke Nagano, ni ya naɗa. Gwaggo, mutumin da ba zai dawo ba zai bar dukiyarsa a hannun mace?"

Gwaggo ta kalli ambulan ɗin, ta taɓe baki. Na ga Baba ya ɗago ya dube ni, kallo mai ɗan tsawo, sannan ya ajiye sandunan cin abincinsa ya ɗauki hularsa ya fita gona. Yadda na ji daɗi a lokacin, sai ka ce na ci gasa.

Maganar wakilcin nan gaskiya ce, kuma da hannuna na cike fom ɗin. Kwana biyu kafin ya zo gaban Baba, muna zaune cikin motata a bakin kamfani ya ciro shi, ya ce rubutunsa na yara ne, kunya yake ji. Na ɗora takardar a kan sitiyari na rubuta sunansa, na rubuta nawa, adireshin gidanmu, ranar tafiyarsa. Da na zo gurbin da aka ce a sa ranar da ake sa ran dawowa sai ya riƙe min biro.

"Bar wannan, Chizu. Sai na sayi tikiti in sa da kaina, kada mu rubuta wa gwamnati ƙarya."

Har dariya na yi, na ce kai dai ka cika tsoron hukuma. Shi ya kai fom ɗin ofishin haraji washegari, ni ban sake ganinsa ba.

Bayan Gwaggo ta tafi na shirya. Na cire wandon gona, na sa siket mai ruwan toka da farar riga, na ɗora 'yar rigar sanyi shuɗiya wadda ya taɓa cewa tana min kyau. Har jan baki na sa, don zuwa ofishin haraji. Na saka hatimina, wanda shi ne sa hannu a wajenmu, da littafin banki a jaka, ina ɗaura takalmi wayata ta yi ƙara, saƙon Tulga ne.

"Chizu ina kwana. Ambulan ya iso?"

"Ya iso jiya. Yaya jikin Mama?"

"Da sauƙi. Yau za ki je?"

"Yanzu zan fita. Ka duba tikitin? Baba ya fara shimfiɗa leda a gindin itatuwa, saura kaɗan."

"Ina dubawa. Ki tabbata kin ba su ta asalin, ba hoto ba. Kuma ki tambaye su wata nawa kuɗin ke yi."

Sai ga hoton zuciya guda uku. Wata biyun nan haka hirarmu ta koma, ni ina tambayar tikiti shi yana tambayar takarda, kuma ban taɓa ɗora su a ma'auni ɗaya ba sai yau.

Kada ku ce ban karanta takardar ba. Na karanta. Daga ofishin fansho take, an rubuta kuɗin ficewa na dunƙule, yen miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ba kaɗan, an cire kashi ashirin cikin ɗari da ɗoriya na haraji. Na tambaye shi a waya ya ce ai duk baƙon da ya je gida hutu mai tsawo yana karɓa, abu ne na 'yan waje kawai. Kuma na 'yan waje ne kawai, shi ya sa ni da aka haifa a ƙasar nan ban taɓa jin sunansa ba. Idona ya ga kalmar ficewa, zuciyata ta ce ke wuce, ba ruwanki.

Ofishin babu cunkoso, na ja lamba ta goma sha ɗaya, ban yi minti goma ba aka kira ni. Wata mata ce mai kimanin shekara hamsin, gilashinta rataye da sarƙa, ta sa hannun riga baƙi don kada tawada ta ɓata mata kaya. Ta karɓi ambulan ɗin da hannu biyu.

"Ke ce wakiliya? Madalla, kin kyauta masa. Da yawa suna tafiya ba su naɗa kowa ba, kuɗin su yi ta zama har shekara biyar ta wuce su bi ruwa."

Ta baje takardun a kan kanta, ta ciro min fom ɗin neman mayarwa, ta riƙa nuna min da bayan biro inda zan sa me. Dubu ɗari biyu da tamanin da 'yan kai za su dawo, in ji ta, kusan duka, nan da wata biyu. Ina rubuta lambar asusuna ina jin kaina wata matar aure mai kula da al'amuran mijinta. Bakina kuma da ba ya iya shiru sai na ce,

"Kafin su fito ma ya dawo, sai ya cira da kansa."

Biron da ke hannunta ya tsaya. "Zai dawo ne?"

"Watan gobe. Aure za mu yi."

"Ah." Ta gyara gilashi. Ta sake duba takardar fanshon, ta dube ni, ta mayar da ido kan takardar. Kun san irin kallon da ma'aikaci ke yi in yana auna ko abin da ke bakinsa aikinsa ne ya faɗa.

"Akwai matsala ne?" na tambaya.

"A wajenmu babu. Takardunki sun cika."

"A wajen wa akwai?"

Ta rage murya. "Wannan ba sashenmu ba ne, na 'yan fansho ne, ki tambaye su su tabbatar miki. Amma tunda kin ce aure… shekara nawa ya yi yana aiki a nan?"

"Bakwai da wata huɗu."

"Kin san sai mutum ya cika goma yake da fansho in ya tsufa. Saura masa ƙasa da uku ke nan. Wanda ya karɓi wannan kuɗin, duk shekarun da ya tara an goge su, kamar bai taɓa aiki a ƙasar nan ba. Kuma na shekara biyar kaɗai ake biya, sauran biyun da wani abu ya yafe su." Ta haɗa hannuwanta a kan kanta. "Ba a hana mutum dawowa ba, akwai masu dawowa su fara daga farko. Sai dai mai bakwai a hannu, wanda zai tsufa a nan, ban cika ganin ya taɓa ba."

Na ce, "Wataƙila kuɗin asibitin mahaifiyarsa ne suka matsa masa."

"Zai yiwu," ta ce da sauri. "Zai yiwu ƙwarai."

Tana son ta rufe maganar ne, baiwar Allah, sai ta juya ga aikinta. Ta ce bari ta duba kwafin takardar wakilci, ya haɗo shi ko? Yana nan a maƙale a bayan sauran, an ninke shi huɗu, ni ban ma buɗe shi ba don na san abin da ke ciki. Ta warware shi ta shafe da tafin hannu, ta juyo min shi don in tabbatar da adireshina.

Rubutuna ne tsaf, layi bayan layi. Ga hatimin ofis na ranar goma ga watan biyu. A gurbin ranar dawowa kuwa ga wani rubutu daban, manyan baƙaƙe a karkace irin na ɗan aji ɗaya, wanda ko a cikin dubu zan gane shi, don da shi ya rubuta min katin ranar haihuwata sau uku. Kalma ɗaya ce. Babu.

Ranar goma ya rubuta babu. Ranar sha ɗaya ya sa goshinsa a tabarmar ubana.

Ban yi kuka ba, in ma kuna jiran ku ji. Ji dai na yi kamar in ɗaga kantar nan in kife. Matar ta ga inda idona yake, ita ma ta gani, sai ta sunkuyar da kai tana gyara birukan da ba su karkace ba.

"Saura hatiminki a nan," ta ce a hankali. "Ko kuma… ba dole sai yau ba. Akwai lokaci."

Na tattara takardun na cusa a jaka ba tare da na ninke ba. Na sunkuya na yi mata godiya, don ko gidanmu ke ci da wuta sai mun sunkuya, na fito.

A cikin mota na ɗauki hoton gurbin nan na tura masa, ban rubuta komai ba. Nan take alamar ya karanta ta fito. Minti ɗaya, biyu, biyar. Ina kallon alamar yana rubutu tana fitowa tana ɓacewa. Na kira, ya katse. Na sake kira, ya sake katsewa.

"Ina cikin mutane," ya rubuto. "Chizu ba yadda kike tunani ba ne."

"Yaya nake tunani? Ni jahila ce, karanta min. Me ka rubuta a nan?"

"Lokacin kaina a ɗaure yake."

"Kanka a ɗaure ka ari kwat? Kanka a ɗaure ka ci shinkafar uwata kwano uku?"

Sai ga dogon saƙo, irin wanda ka san an daɗe da tsara shi ana jiran ranar da asiri zai tonu. Wai shi ne babba a gidansu. Wai da ya kwanta ya yi tunanin ajiye sunan mahaifinsa sai ya kasa barci. Wai mahaifiyarsa ta yi ciwo da gaske amma ta warke tun watan huɗu. Kuɗin fanshon ya haɗa da na ƙanensa sun sayi babbar mota suna dakon kaya zuwa kan iyaka. Wai yana sona, bai taɓa son wata kamar ni ba, kullum yana so ya gaya min sai ya tuna fuskata ya kasa.

"Ka kasa gaya min," na rubuta, "amma ka iya gaya wa fom."

"Ki yafe min."

"Wata takwas, Tulga. Na yi faɗa da Gwaggo, na daina yi wa Mama magana sati biyu saboda kai. Yau da safe na ɗaga ambulan ɗinka a gaban Baba ina alfahari wai ni ka zaɓa. Ashe ba mata ka zaɓa ba, asusun banki ka zaɓa."

"Ba haka ba ne. Ke kaɗai na yarda da ke."

Wannan ita ce ta fi ƙona min rai, don gaskiya ce. Ya san abokansa za su iya cinye kuɗin su kashe waya. Ya duba duk Nagano ya ga mutum ɗaya da ba za ta taɓa cin yen ɗinsa ɗaya ba, sakaryar da ke sonsa, ya ajiye ta a kan igiya da hoton zuciya uku-uku har takarda ta fito. Da ya ce min ba zai dawo ba tun a watan biyu, da na yi kukana na gama, kuma na rantse da sai na karɓo masa kuɗinsa duk da haka. Bai ma ba ni wannan darajar ba.

Ina zaune ina huci, wayar ta sake motsi. Na ɗauka wata ban-haƙurin ce.

"Amma kin miƙa takardar?"

Jama'a, ku gaya min, in ku ne me za ku yi? Na yi wata dariya ni kaɗai a mota har wani tsoho da ke wucewa da kekensa ya leƙo. Na rubuta masa, "Ban miƙa ba. Kuɗinka ne, ba zan ci ba, ban gaji cin haram ba. Amma in kana so ka zo ƙofar gidanmu ka gaya wa Baba da bakinka abin da ka rubuta, sai in buga hatimi." Na kife wayar a kujera na tayar da mota. Ta yi ta ruri har na isa gida, ban ɗaga ba.

Niyyata in haura ɗaki in rufe ƙofa, in samu ko kwana biyu in san yadda zan faɗa. Ina fitowa daga mota Mama ta leƙo daga rumfar kaya da butar shayi a hannu, fuskarta wani iri, kamar mai ɓoye dariya.

"Babanki na nemanki. Yana layin ƙarshe, wajen rafi. Mu je tare."

Haka na bi ta da siket da takalmin fita, ina taka farar ledar da aka shimfiɗa don ta haska tuffa ta ƙasa. Wannan lokacin ne muke bin kowace tuffa ɗaya bayan ɗaya, mu cire ganyen da ya rufe ta, mu ɗan murɗa ta a hankali don ɓangaren da bai ga rana ba shi ma ya yi ja. Baba yana kan tsani yana wannan aikin. Shekararsa sittin da takwas, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai, da ya ga mun iso sai ya sauko mataki ɗaya-ɗaya.

"Kin dawo."

"Na dawo, Baba."

Ya nuna layin da haɓarsa. "Kin san wa ya yi wa waɗannan itatuwan aski bara da sanyi?"

Na sani. Tulga ne, ranakun hutunsa, cikin ƙanƙara har gwiwa, Baba yana daga nesa yana yi kamar bai gan shi ba.

"Tun bazara nake zuwa ina dubawa," Baba ya ce. "Na so in samu kuskure, ban samu ba. Dubi reshen nan da ya bari. Bana ba zai ba da komai ba, baɗi ma haka. Sai shekara ta huɗu. Wanda ya bar wannan reshen yana nufin ya ga shekara ta huɗu." Ya share hannunsa a jikin wando. "Da safe kuma na ji abin da kika ce wa Gwaggonki. Gaskiyarki. Namiji ba ya barin kuɗinsa inda ba zai koma ba."

"Baba…"

"Bari in gama, ba kullum nake magana ba. Bayan kin fita na sa kaya na je gidan Kitahara. Na ba su haƙuri, na ce 'yata tana da miji. Uban bai ji daɗi ba, shekara arba'in muna gaisawa, amma zai huce. Gwaggonki ma na kira ta, ta kashe min waya." Ya ɗan murmusa, abin da na manta rabon da in gani. "Maganar tuffa ta ƙarshe na janye. In jinyar ta kai sabuwar shekara ya zauna, uwa ce. Gona za ta jira shi."

Mama tana gefe tana goge ido da bakin rigar aikinta. Ni kuwa jakar nan a kafaɗata ta yi min nauyi kamar an cika ta da duwatsu.

"Kira min shi," in ji Baba. "Ya durƙusa min ban ba shi amsa ba. Ba daidai ba ne ya ji ta bakin wani."

"Yanzu yana… wataƙila yana aiki, Baba. Bari sai anjima."

"Kira dai. In bai ɗauka ba shi ke nan."

Nan ne ya kamata in faɗa. Na sani, ba sai kun rubuto min ba. Amma zan gaya muku gaskiya tunda na saba, duk zagin da na yi a mota, akwai wata 'yar sakaryar zuciya a can ƙasa da ta ce min wa ya sani, in ya ji Baba da kansa ya ce ya yarda, wataƙila ya sayar da motar. Da wannan zuciyar na ciro wayar. Kira goma sha huɗu ya yi min. Na danna sunansa, na buɗe murya don kunnen Baba ba ya ji sosai, na miƙa ta tsakaninmu.

Baba ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Ya gyara tsayuwa, ya haɗe ƙafafunsa, ya yi gyaran murya.

Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba aka ɗauka.

"Chizu, don girman iyayenki ki saurare ni, kada ki kashe. Dawowa dai ba zan dawo ba, wannan na riga na gaya miki, kuma ba zan iya tsayawa gaban tsohon nan ba. Amma kuɗin nan gumina ne, kada ki haɗa su da maganarmu. Ki buga hatimin kawai, in kina so ki cire dubu talatin na wahalarki. Chizu? Kina ji na?"

Butar shayin ta suɓuce daga hannun Mama ta faɗi a kan leda.

Baba ya riga ya sunkuya wa wayar tun kafin muryar ta fito, irin sunkuyon da yake yi wa mutumin da yake girmamawa, furfurarsa tana kallon ƙasa, hula a ƙirji. A haka maganar ta same shi, kuma a haka ya tsaya, bai ɗago ba. Tulga yana ta kiran sunana daga can.

Wata takwas ɗina zan iya yafewa wata rana. Wannan sunkuyon na ubana ne ba zan yafe ba.